Shafin Intanet Wanda Makaho da Kurma Za Su Iya Shiga

Muna gaida malaman azuzuwa da ɗalibansu, maza da mata, waɗanda suka taru kewaye da akwatin rediyo, da waɗanda za su karanta wannan jawabi cikin jarida daga baya. Gaisuwa ta musamman yau ga mutanen Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, manoma da makiyaya na wajen kwarin Tarka, domin da garinsu za mu yi misali.

Maganarmu ta yau a kan shafin intanet take, da yadda za a gina shi har makaho da kurma da mai raunin hannu su amfana da shi kamar kowa. Na san akwai dattijon da zai ce, "Malam, mu da muke fama da baƙi da wasali, ina ruwanmu da intanet?" Haƙuri, baba, ka saurara har ƙarshe. Ruwanka ne, domin abin da ke hana makaho shiga shafi, sau da yawa shi ne ke hana sabon mai karatu shiga. In an gyara wa ɗaya, an gyara wa ɗayan.

Da farko, mene ne shafin intanet? Kun san allon sanarwa da ake kafawa a ƙofar ma'aikata, inda ake manna takardu. To, shafin intanet allon sanarwa ne wanda ba a bango yake ba. Cikin wayar salula ko kwamfuta ake ganinsa, ko mutum yana Yamai, ko yana Dakoro, ko yana can cin rani a Agadas. Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya ƙago dabarar a 1989. Yau gwamnati da bankuna da makarantu da ƙungiyoyin agaji duk a nan suke zuba labarinsu: sakamakon jarrabawa, neman ma'aikata, farashin kaya, ranakun rigakafi. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin manoma su ma suna bin sahu, wasu da shafin kansu, wasu ta Facebook da WhatsApp. Ko yau ko gobe, wani zai zo muku da maganar a buɗe wa ƙaramar hukumarku ko ƙungiyarku shafi. Ranar nan muke so ta same ku da sanin abin da za ku nema.

Sunan garin Rumbu ma ya ishe mu misali. Rumbun ƙasa, komai cikarsa da gero, bakinsa a sama yake. Mai ƙafa da ido ya kafa tsani, ya ɗaga jinka, ya ɗebo. Gurgu fa? Makaho fa? Tsohuwar da gwiwa ta ƙi fa? Hatsin na gidansu ne, amma sai sun jira wani ya hau musu. Shafuka da yawa haka aka gina su. Wata cibiya a Amurka mai suna WebAIM, tun 2019 kowace shekara takan auna shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan 1, kuma kowace shekara takan tarar fiye da 90 cikin 100 suna da aibin da ke tare wa naƙasassu hanya. Waɗannan fa shafukan ƙasashe masu kuɗi ne galibi. Ba rashin kuɗi ke kawo abin ba. Magini ne bai tuna da su ba sa'ad da yake aza tubali.

Su wane ne waɗannan mutane, kuma su nawa ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi a 2022 cewa mutum biliyan 1 da miliyan 300, watau kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna da wata naƙasa mai nauyi. A nan ƙasarmu, ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami fiye da mutum 700,000, kashi 4.2 cikin 100. Amma ku bar lissafi, ku duba cikin gari. Akwai wanda amodari ya juya masa gashin ido ciki, ya yi ta gogar ƙwayar har ta dushe. Wannan ciwo ya daɗe yana ɓarna a jihohin Maraɗi da Damagaram. Akwai tsohon da yanar ido ta rufe. Akwai yaron da sanƙarau ya bari da rai amma ya tafi da jinsa. Akwai wanda shan inna ta shanye wa hannu, da wanda kuturta ta cinye wa yatsu kafin ya kai asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi. An sami ci gaba, gaskiya ne. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da cutar makantar bakin kogi, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka. Amma wanda ido ya riga ya tafi, ya tafi. Kuma duk wanda Allah ya ba tsawon rai, wata rana sai ya nisanta takarda da fuskarsa kafin ya gane baƙi.

Yanzu wani zai tambaya, makaho ta yaya zai karanta abin da ke cikin waya, alhali fuskarta sumul take kamar madubi, babu abin shafawa? Ku saurara, domin nan ne gindin maganar.

Cikin wayoyin zamani akwai wata manhaja mai karanta abin da ke fuskar waya da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone sunanta VoiceOver, wadda aka sa tun 2009. A kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu ƴan ƙasar Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka soma ginawa a 2006, kuma kyauta ake ba da ita. Mu kira wannan manhaja ɗan jagora, domin aikinsu ɗaya. Makaho ya aza yatsa a fuskar waya, ɗan jagora ya faɗa masa abin da ke ƙarƙashin yatsan. Ya share yatsa zuwa dama, a faɗa masa abu na gaba. In ya ji abin da yake nema, ya ƙwanƙwasa sau biyu, abin ya buɗe. Wanda ya saba, saurin da yake sauraro da shi, kai mai ido ba za ka tsinci kalma ɗaya ba.

Sai dai wannan ɗan jagora yana da iyaka. Rubutu yake karantawa, rubutu na gaske wanda aka buga harafi bayan harafi. Hoto kuwa, in ba a rubuta masa bayani ba, iyakar abin da zai ce shi ne "hoto", ya wuce.

To, ga yadda muka saba yi. A ce damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, an kawo hatsi mai rahusa za a sayar wa talakawa. Magatakarda ya buga sanarwa a takarda: rana kaza, wuri kaza, buhu kuɗi kaza, kowa ya zo da takardar shaidarsa. Shugaba ya sa hannu, a buga hatimi. Sai wani ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, a karkace, inuwar hannunsa ta rufe rabi, ya aika cikin shafi. A ganinsa ya sanar da duniya. Makahon da ke da iyali bakwai ya taɓa wayarsa, ta ce masa "hoto". Ba ta ce hatsi ba, ba ta ce ranar Laraba ba. Sai ya jira yaronsa ya dawo daga gona ko kiwo, in yaron ya iya karatu ke nan. Kafin nan an rufe rajista. Wasu sababbin wayoyi sukan yi ƙoƙarin tsintar baƙaƙe daga cikin hoto, amma in takardar ta karkace, ko hatimi ya hau kan kwanan wata, sai su karanta 3 a matsayin 8. Kuskure a ranar sayar da hatsi kuwa ya fi rashin labari ciwo, domin mutum zai biya kuɗin amalanke ya je ya tarar da ƙofa a rufe.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. Wanda ya buga takardar, da ma a kwamfuta ya buga ta. Sai ya kwafi rubutun nan kansa ya sa a shafi, sa'an nan ya liƙa hoton mai hatimi a ƙarƙashi don shaida. In kun manta duk abin da na faɗa yau, kada ku manta wannan. Rubutu na gaske, na'ura tana iya mai da shi murya domin makaho. Tana iya ƙara masa girma domin tsoho. Tana iya mai da shi ɗigon nan masu tudu da makafi ke shafawa, rubutun da Louis Braille, makaho ɗan Faransa, ya fitar a 1829 da ɗigo 6 kacal, wanda ake koyarwa a makarantar makafi ta Soly Abdourahamane a Yamai. Hoton takarda kuwa, yadda aka ɗauke shi haka zai zauna.

Hotunan gaske fa, kamar hoton rijiya ko na taro? Kowane hoto a shafi yana da wani gurbi ɓoyayye inda magini ke rubuta bayaninsa. Mai ido ba ya ganin bayanin, ɗan jagora ne ke karanta shi. A rubuta abin da hoton ke nufi, a taƙaice: "Mata uku suna jan ruwa a sabuwar rijiya." Ba a bukatar a ce launin zanensu kaza ne, sai in maganar zane ake yi. In kuwa hoton taswira ce mai nuna burtalin da dabbobi za su bi, to, jimla ɗaya ba ta isa ba. Sai a zayyana hanyar da kalmomi, daga rijiya kaza zuwa tunga kaza, kamar yadda za ka kwatanta wa baƙo da dare. Hoton ado kawai, irin furanni da zane-zane, a yi masa alamar da za ta sa ɗan jagora ya tsallake shi, kada a cika wa mutum kunne.

Haka nan maɓallai. Mai ido ya ga ɗan zanen ambulan, ya gane nan ake aika saƙo. Makaho kuwa, in ba a raɗa wa maɓallin suna ba, abin da zai ji shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli". Wanne ne na aikawa, wanne ne na sharewa? Ku yi tunanin wannan a shafin kuɗi. Ɗa ya aiko wa mahaifinsa makaho jika 20 daga wurin cin rani. Domin maɓallan ba su da suna, dole uban ya miƙa wayarsa ga wani, ya faɗa masa lambarsa ta sirri. Yawancin mutane masu amana ne, ba mu ce ba. Amma ko ba a taɓa masa ko dala ba, gari ya san abin da ke aljihunsa. Dattijo mai iyali bai kamata a tilasta masa wannan ba saboda sakacin wani magini da bai rubuta kalma biyu ba.

Akwai kuma tsarin shafin. Ku da kuke aji kun san yadda kan magana yake taimakonku cikin littafi: ku duba manyan baƙaƙe, ku san inda darasi ya soma. Ɗan jagora ma yana iya tsalle daga kan magana zuwa kan magana, amma sai in magini ya yi musu alamar cewa kanun magana ne. In ƙara musu girma kawai ya yi don ido, to, makaho sai ya saurari shafin tun daga sama har ƙasa kowane zuwa, kamar wanda za a sa ya zaga kasuwa rumfa rumfa kafin ya kai wurin mai gishiri.

Mu zo ga masu gani kaɗan, waɗanda sun fi makafi yawa nesa ba kusa ba. Abokin gabansu shi ne rubutu mai dusashe: toka-toka a kan fari, rawaya a kan kore. Cibiyar nan ta Amurka da na ambata, wannan ne aibin da ta fi samu kowace shekara. Masana sun sa ma'auni, sun ce hasken bango da na rubutu su bambanta aƙalla ninki 4 da rabi, kuma a iya ƙara girman rubutu ninki 2 ba tare da ya fice daga fuskar waya ba. Mu a nan muna da namu ma'aunin. A fita da wayar tsakar rana a watan Afrilu, a tsaya a fili. In mai lafiyar ido ya kasa karantawa, a koma a sake. Baƙi a kan fari bai taɓa ba kowa kunya ba. Kada kuma a dogara ga launi kaɗai, a ce ja na nufin an rufe, kore na nufin an buɗe. Akwai mutanen da ba su rarrabe ja da kore. A rubuta kalmar kusa da launin.

Kurame kuma, tasu matsalar ta bi ta wata hanya. Mu mutanen baka ne. Tun da WhatsApp ya shigo, saƙon murya ya zama sarki, kuma ya kyauta wa makaho da wanda bai yi karatu ba. Mu ma a gidan rediyo, tun da aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962, da kunne muke aiki. Amma duk abin da muka faɗa, kurma bai ji ko ɗaya ba, shi ya sa ake buga wannan jawabi a jarida. Saboda haka duk saƙon murya da aka sa a shafi, a rubuta abin da ya ƙunsa a ƙarƙashinsa. Duk bidiyo, a sa rubutu yana bin maganar a ƙasan hoton. Sai dai mu faɗi gaskiya: kurame da yawa a karkara ba a taɓa sa su makaranta ba, rubutu ba zai yi musu amfani ba tukuna. Makarantun kurame, irin ta Hassane Bana Ba a Yamai, a birane suke. Ga labari mai nauyi, kamar na annoba ko rigakafi, sai a ɗauki bidiyon mai maganar hannu. A lura kuma, maganar hannu ta makaranta ta sha bamban da wadda kurman ƙauye ya tashi da ita tsakanin danginsa. A nemi wanda kuramen wurin suke ganewa. Ku kuma malaman azuzuwa, kurman da ke garinku, kun taɓa kiransa aji? Allo da alli ba su bukatar kunne.

Masu raunin hannu ba su neman abu mai yawa. Maɓalli ya zama babba, da tazara tsakaninsa da na kusa, domin wanda hannunsa ke rawa ko wanda yatsunsa suka gajarta kada ya nufi "ajiye" ya taɓa "share". A kwamfuta, duk abin da ake yi da linzami a iya yinsa da madannai kaɗai. Kada a sa wa takardar cikewa ɗan gajeren lokaci, mutum yana tsakiyar rubuta sunan kakansa ta rufe, a ce ya sake daga farko. Wannan ya shafe ku ma, sababbin masu karatu, da kuke haɗa baƙi da wasali a hankali. Abu mai walƙiya kuma, wanda ke ƙyaftawa fiye da sau 3 cikin daƙiƙa ɗaya, a kiyaye shi, yana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Akwai kuma jarrabawar nan ta karkatattun baƙaƙe da wasu shafuka ke sawa, wai don a tabbata mutum ne ba na'ura ba. Makaho mutum ne, amma ba zai ci wannan jarrabawa ba. In dole ne a sa ta, a ba da wata hanya ta biyu.

Yanzu maganar harshe, wadda ta fi shafar wannan shiri namu. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To, shafin da aka yi domin mutanen Rumbu, in da Faransanci kaɗai yake, mutum nawa zai yi wa amfani? A rubuta da Hausa, kuma inda makiyaya suke da yawa a tuna da Fulatanci da Tamajak. A rubuta da gajerun jimloli, abu mafi muhimmanci a sama: me za a yi, yaushe, a ina, nawa. Gaisuwar manya da jerin muƙamansu su biyo baya, ba za su yi fushi ba.

Ga magini kuma akwai abu biyu. Kowane shafi yana da wata alama a ɓoye mai gaya wa na'ura harshen da aka yi rubutun da shi. Alamar Hausa ita ce baƙaƙe biyu, h da a. In aka bar alamar Faransanci a kan rubutun Hausa, ɗan jagora zai karanta Hausar da bakin Bafaranshe, ya haɗiye rabin baƙaƙen, ba mai gane komai. Na biyu, baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a buga su daidai. Suna nan cikin na'urorin yau, babu sauran uzuri. Kun sani tun a aji cewa ƙafa daban, kafa daban, ɗaki daban, daki daban.

Ban ɓoye muku ba, muryar na'ura ta fi ƙwarewa a Faransanci da Ingilishi bisa Hausa. Dalili ɗaya shi ne rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo, rubutunsu ɗaya. Fari na launi da fari na rashin ruwa, haka. Kai da ka tashi da harshen, jimla ce ke gaya maka wanne ake nufi. Na'ura kuwa sai an koya mata da muryoyin mutane masu yawa. Ana wannan aiki. Akwai shirin Common Voice na ƙungiyar Mozilla, wanda aka soma a 2017, inda mutane ke ba da muryarsu kyauta suna karanta jimloli, kuma Hausa tana ciki. Amma ba sai mun jira ba. Kowace sanarwa, bayan an rubuta ta, a sami mai murya garau ya karanta a ɗauka, a ajiye muryar kusa da rubutun da babban maɓalli mai suna "Saurara". Wa zai yi wannan karatu? Ku. Matar da ta yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci, ta iya karanta sanarwa ba gargada, ga aikin da karatunta zai yi wa gari. Makaho ya saurara. Wanda bai shiga aji ba ya saurara. Ɗalibin aji kuma ya bi rubutun da ido yana jin muryar, darasi ne ya samu a kyauta. Sharaɗi ɗaya: kada muryar ta tashi da kanta da an buɗe shafi, domin za ta danne muryar ɗan jagora, makaho ya rasa inda yake.

Bari in ɗan ratse. Na lura duk sa'ad da aka buɗe sabon shafi, abin da ake fara cika shi da shi hotunan manya ne: ga shugaba yana yanka kyalle, ga shi yana gaisawa da baƙi, ga shi kuma ta wani gefen. Ba mu ƙi a ga shugabanni ba. Amma kowane babban hoto kuɗi ne daga aljihun mai buɗewa, kuma a daji inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, inda sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya, shafi mai nauyi ba ya buɗuwa sam. A nan mai ido da makaho sun zama ɗaya. Hoto ɗaya ƙarami ya isa.

Kada wani ya ɗauka alfarma ce ake roƙo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a watan Disamba na 2006, Nijar kuma ta amince da ita ranar 24 ga Yuni 2008. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet da sunansa cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. A gida kuma akwai dokar 2 ga Maris 1993 a kan kare naƙasassu, da ta Disamba 2019 a kan shigar da su cikin al'amuran jama'a. Ƙa'idodin ginin ma a rubuce suke. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ta fitar da su a 1999 da sunan WCAG, ta sabunta a 2008 da 2018 da 2023. Matakai uku ne, A da AA da AAA, kuma na tsakiya shi ne wanda ƙasashe da yawa suka ɗauka. Ba sai kun haddace abin da ke ciki ba. Ranar da za a yi yarjejeniya da magini, shugaban ƙungiya ko magatakarda ya ce a rubuta cikin takarda cewa shafin zai cika WCAG mataki AA, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai an gwada. Maginin da ya san aikinsa ba zai yi gardama ba. Wanda ya ce wannan sai daga baya, ku tuna icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Faɗaɗa ƙofa bayan an yi rufi ya fi tsada bisa a auna ta tun a tushe.

Wa zai gwada? Akwai na'urorin aunawa, suna kama wasu kurakurai, amma ba su san ko bayanin hoto ya yi ma'ana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar Hausa tun da can ta san sarautar sarkin makafi da sarkin guragu, ga kuma ƙungiyar makafi ta ƙasa da tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu. A nemi makahon da ya iya waya, a nemi kurma, a nemi tsoho mai raunin gani, a nemi ɗaliba ɗaya daga aji. A ba kowannensu aiki guda: nemo mana ranar rigakafin dabbobi. Sa'an nan magini ya zauna gefe, ya naɗe hannu, ya yi shiru yana kallo. Kada ya ce "taɓa can sama". Inda suka tsaya, nan gyara yake. Kuma a biya su ladan wuninsu, domin aiki suka yi, ba bara suka zo ba.

Ga aikin wannan mako ga azuzuwa. Malam ya nemi waya ɗaya ta Android. A shiga wurin saituna, a nemi kalmar Accessibilité in wayar da Faransanci take, a kunna TalkBack. Ku sani, da an kunna, wayar za ta sake hali: taɓawa ɗaya faɗi ne kawai, sai an ƙwanƙwasa biyu abu ke buɗewa. Kada ku tsorata, ta hanyar da aka kunna ta nan ake kashewa. Kowane ɗalibi ya rufe ido, ya gwada neman sunan wani cikin wayar. Bayan haka ku ɗauki sanarwa ɗaya da aka aiko muku a hoto cikin watan nan, ku rubuta ta da Hausa a allo cikin jimla biyar, ɗaya daga cikinku ya karanta a ɗauki muryarsa, ku aika rubutun da muryar tare ga mutanen gari. In akwai makaho ko kurma kusa, ku gayyato shi ya zauna tare da ku, ku tambaye shi abin da kuka manta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu nuna yadda ake samun baƙaƙe masu ƙugiya a madannan waya. Ku zo da wayoyinku da caji.